Haidurojin daga hasken rana: Nijar ta fara da ɗakin bincike, ta kai gwajin Gure

A 'yan shekarun nan da wuya a yi wani babban taro kan makamashi a Afirka a tashi ba a ambaci iskar haidurojin ba. Namibiya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Hyphen kan aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 10. Muritaniya na da nata manyan ayyuka biyu a kan takarda, Aman da Nour. A 2023 ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a lokacin, ta amince da manufar samar da tan dubu 500 na haidurojin mai tsafta a shekara nan da 2030, da tan miliyan 10 nan da 2050. Kuma duk taswirar da masana suka zana ta wuraren da rana ta fi duka a yankin, sai an ga Nijar a sahun gaba.

Wannan ya sa wasu matasa, na gida da na ƙetare, ke ganin kamar arziki ne ya zo har ƙofa, saura kawai a sa hannu a takarda. Gaskiyar magana ita ce, rana kowa na da ita a Sahel, kuma abin da ya yi yawa a kasuwa mai saye ne ke yanka masa farashi. Abin da ya yi ƙaranci a duniya shi ne sanin yadda za a sa wani abu mai araha ya mayar da hasken rana haidurojin ba tare da ya ɓarnatar da mafi yawansa ba. A nan ya kamata Nijar ta zuba ɗan abin da take da shi: ɗakin bincike a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da filin gwaji a gari irin Gure.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Gure na kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Diffa, kimanin kilomita 170 gabas da birnin Damagaram, a ƙasar Muniyo. Damina gajera ce, a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma tuddan rairayi na ci gaba da cinye kwarurukan da jama'a ke noman dabino da kayan lambu suna haƙar kanwa a cikinsu. Hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a Nijar kullum ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7, wato kusan ninki biyu na abin da Jamus ke samu.

Duk da haka, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a ƙasar. Lokacin da Najeriya ta katse wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jihar Damagaram, wadda ke shan wuta ta layin da ya fito daga Katsina, ta ɗanɗana kuɗarta. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30 a kusa da Yamai sun rage zafi, amma ba su toshe giɓin ba. Ƙasar da ke fitar da yuraniyom daga Arlit tun 1971 har yau tana sayen wuta daga maƙwabta. Darasin a fili yake: mai ma'adini ba shi ne mai riba ba, matuƙar fasahar sarrafa shi tana hannun wani.

To me ya haɗa manomin Gure da haidurojin? Taki. Duniya na amfani da sama da tan miliyan 90 na wannan iska a shekara, kusan dukanta daga iskar gas da kwal ake samo ta, kuma mafi yawanta na tafiya ne matatun mai da masana'antun amoniya, wadda da ita ake yin takin yuriya. Nijar daga waje take shigo da takinta. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin kai amfani da taki kilo 50 a kowace hekta, amma manomin Nijar bai ko kama ƙafar wannan adadi ba. Duk ranar da aka iya samar da haidurojin mai araha daga rana da ruwa, an buɗe ƙofar yin taki a inda babu rijiyar gas.

Yadda haske ke raba ruwa

Ruwa haɗin iska biyu ne, haidurojin da oksijin. Kafin a raba su ana buƙatar ƙarfin lantarki da bai gaza volt 1.23 ba. Hanyar da aka saba ita ce a samo wuta daga farantan sola, a tura ta cikin wata na'ura dabam da ke raba ruwan. Amma a 1972 wasu masana biyu, Akira Fujishima da Kenichi Honda, sun wallafa a mujallar Nature cewa idan aka tsoma farantin oksaid ɗin titaniyom a ruwa aka haska shi, shi da kansa yana fara wannan aiki. Faranti ɗaya ne ke kama hasken, shi ne kuma ke raba ruwan.

Oksaid shi ne abin da ƙarfe ke zama idan ya haɗu da oksijin. Wanda kowa ya sani shi ne tsatsa. Masana sun ƙwallafa rai a kan irin waɗannan sinadarai saboda dalili mai sauƙi: abin da ya riga ya yi tsatsa ba ya tsoron ruwa da iska. Silikon da sauran tsadaddun sinadaran da ake yin farantan sola da su sun fi iya kama haske, amma idan aka tsoma su a ruwa suna aiki, sai su lalace cikin ɗan lokaci in ba a lulluɓe su ba.

Oksaid ɗin titaniyom na da nasa rauni: ɗan ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani kawai yake sha, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Shi ya sa hankali ya koma kan jar tsatsar baƙin ƙarfe, wadda masana ke kira hematit. Ita tana shan hasken da ido ke gani, ba ta da guba, tana jure ruwa mai kaifin kanwa, kuma baƙin ƙarfe na cikin ma'adinan da suka fi yawa a doron ƙasa. A lissafin takarda za ta iya mayar da kusan kashi 15 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta zuwa haidurojin. Akwai kuma wani sinadari mai ruwan ɗorawa, bismut banadet, wanda iyakarsa a lissafi ta kai kusan kashi 9.

Tafiyar nanomita huɗu

Matsalar tana cikin farantin. Idan haske ya bugi tsatsar, yakan tumɓuke wani ƙanƙanin ɗan aiken lantarki, elektron, daga mazauninsa, ya bar gurbi. Dole elektron ya bi ta bayan faranti ya shiga waya, ya je ɗaya gefen inda haidurojin ke fita. Shi kuma gurbin dole ya gangaro fuskar faranti, inda ruwa yake, ya ƙwace elektron daga ruwan domin oksijin ta fita. Idan suka sake haɗuwa a hanya, elektron ya faɗa gurbinsa, ƙarfin hasken ya tashi a banza ya zama zafi.

Nanomita ɗaya ita ce milimita ɗaya da aka raba gida miliyan. A cikin hematit, gurbi ba ya iya tafiyar da ta wuce nanomita 2 zuwa 4 kafin ya mutu. Amma kafin faranti ya shanye hasken da ya kamata, sai kaurinsa ya haura nanomita 100. Ma'ana, mafi yawan guraben a can ciki ake haifarsu, nesa da ruwa, kuma ba sa isowa. Idan aka sirantar da faranti, haske ya wuce bai kamu ba. Idan aka ƙara masa kauri, ya kama hasken amma ya kasa kai shi inda ake buƙata.

Dalilin wannan nawa shi ne, a cikin irin waɗannan oksaid elektron ba ya gudu a sake kamar a silikon. Duk inda ya tsaya sai ya lotsa tsarin ƙwayoyin da ke kewaye da shi ya nutse a ramin da ya haƙa wa kansa, sannan sai ya samu ɗan ƙarfi ya yi tsalle zuwa ƙwayar ƙarfe ta gaba, inda zai sake nutsewa. Duk wanda ya taɓa hawa tudun rairayi da ƙafa ya san irin wannan tafiya. Ga kuma matsalar lokaci: mafi yawan elektron da guraben kan koma wa juna cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, alhali binciken da tawagar Farfesa James Durrant ta yi a Imperial College da ke Landan ya nuna raba ruwa a fuskar hematit na iya ɗaukar kusan daƙiƙa guda. Kuma sai gurabe huɗu sun taru kafin ƙwayar oksijin ɗaya ta fita.

Sakamakon haka, bayan shekaru da dama ana bincike, galibin mafi kyawun farantan hematit sun tsaya ne tsakanin sulusi da rabin lantarkin da lissafi ya ce za su iya bayarwa, kuma ko hakan sai an tallafa musu da ƙarin wuta daga waje.

Ana iya auna darajar waɗannan nanomita da buhun taki. A ɗauka rana na ba da kilowat-awa 6 a murabba'in mita kullum, kuma kilo ɗaya na haidurojin na ɗauke da kusan kilowat-awa 33. Farantan da suka rufe hekta ɗaya, in suna mayar da kashi 10 cikin 100, za su ba da kusan kilo 180 a rana. Wannan ya isa a yi kusan tan ɗaya na amoniya, wanda zai ba da takin yuriya kusan buhu 35 masu kilo 50. In kashi ɗaya kacal suke mayarwa, buhu uku da rabi ke nan daga fili guda da rana guda. Lissafin takarda ne, bai haɗa da kuɗin masana'antar takin ba, amma ya nuna inda ribar take kwance.

Dabarun da aka gwada

Masana sun bi hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce barbaɗa wa tsatsar ɗan baƙon sinadari, kamar titaniyom, kuza ko silikon, domin elektron su yawaita hanya ta buɗe. Ga bismut banadet, tongistin ko molibdenom ake sa wa. A 2013 Fatwa Abdi da Roel van de Krol da abokan aikinsu a Jami'ar Delft ta Holand da cibiyar Helmholtz ta Berlin sun jera tongistin ɗin hawa-hawa, ya yi yawa a baya ya ragu a gaba, yadda ya zama kamar gangara da ke tura elektron gefe guda, gurbi ɗaya gefen. Da suka haɗa shi da ƙaramin farantin silikon sun samu kashi 4.9 cikin 100.

Ta biyu ita ce sauya siffa. Maimakon shimfiɗaɗɗen faranti, sai a gina shi kamar dajin ƙananan sanduna ko rassa, yadda haske zai bi tsawonsu ya kamu, shi kuwa gurbi ko'ina aka haife shi ruwa na kusa da shi. A 2006 ɗakin binciken Michael Grätzel a makarantar EPFL da ke Lozan a Suwizalan ya fitar da hematit mai rassa kamar kan farin kabeji, wanda ya daɗe yana zama ma'aunin da ake gwada saura da shi.

Ta uku ita ce haɗa oksaid biyu, ɗaya gwanin kama haske, ɗaya gwanin jigilar elektron, kamar a shafa siririn bismut banadet a kan sandunan oksaid ɗin tongistin. Ta huɗu kuwa gyaran fuska ne: a shafa ɗan kobalt, ko haɗin nikel da baƙin ƙarfe, domin gurbin da ya iso kada ya yi dogon jira, ko a liƙe ramukan da ke kama shi da siririn lulluɓin oksaid ɗin alminiyom.

Kowace dabara ta ƙara wani abu, babu wadda ta rufe maganar. Gwaji mafi girma da aka yi a fili shi ne na tawagar Farfesa Kazunari Domen a Japan, wanda aka wallafa a 2021: farantai masu faɗin murabba'in mita 100, da aka shafa wa hodar wani oksaid na titaniyom da sitirontiyom, sun yi watanni suna aiki a waje, amma abin da suka mayar bai wuce kashi 0.76 cikin 100 ba. Ƙofar a buɗe take har yanzu.

Abin da Gure ke da shi

Kusan duk waɗannan alƙaluma an samo su ne a ɗakuna masu sanyi, ƙarƙashin fitilar da ke kwaikwayon rana, da ruwan da aka tace tas. Ƙasashen da ake sa ran za a kafa irin waɗannan na'urori kuwa masu zafi ne da ƙura da ƙarancin ruwa. Tsakanin waɗannan yanayi biyu akwai tambayoyin da Gure ta fi Lozan dacewa da amsa su.

Ta farko zafi. Duk mai sola ya san farantin silikon na rage ƙarfi idan ya yi zafi, kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri sama da 25. Amma tunda elektron a cikin tsatsa tsalle yake yi daga rami zuwa rami, zafi na taimaka masa. Tawagar William Chueh a Jami'ar Stanford ta Amurka ta nuna a 2015 da 2016 cewa lantarkin da hematit da bismut banadet ke bayarwa na ƙaruwa idan aka ɗumama su. Zafin na rage wani ɓangare na ƙarfin turawar faranti, kuma yana iya saurin tsufar da shi. Inda riba da asarar ke daidaita a tsakar rana ta watan Mayu, wata bayan wata, abu ne da sai an auna a fili.

Ta biyu ƙura. Iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodélé na Chadi, wanda ke cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, ta ratsa gabashin Nijar. Ƙura na rage haske, tana kuma sauya launinsa, kuma tsatsa ba kowane launi take sha ba.

Ta uku ruwa. A ɗakunan bincike ana gwada hematit ne a ruwa mai kaifi irin na soda. Ruwan kwarurukan Muniyo da Manga da ake dafa kanwa da manda da shi mai kaifi ne tun daga ƙasa, sai dai yana ɗauke da gishiri da wasu sinadarai. Ko faranti zai iya aiki da irin wannan ruwa da ba a sha, bayan ɗan tacewa, tambaya ce da ɗalibin digiri na biyu a Damagaram zai iya ɗauka, kuma amsarta za ta amfani duk ƙasar da ruwanta ke da zartsi.

Yankin ma ba baƙon ƙarfe ba ne. A duwatsun Termit, arewa maso gabas da Gure, masu binciken kayan tarihi sun gano wuraren narkar da tama da suka haura shekaru 2,500, cikin mafi daɗewa a Afirka. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa. Tsatsar da ake shafa wa faranti ba daga dutse ake kankaro ta ba, daga tataccen sinadari ake haɗa ta, kuma ɗan kaɗan ya isa rufe faranti. Ba tama za a sayar ba. Hannun da ya iya aikin shi ne jarin.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a share su ba. Ta farko: farantan sola na yau da kullum haɗe da na'urar raba ruwa sun riga sun yi wa farantan tsatsa nisa. Ana sayar da su a kasuwa, suna mayar da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma a 2016 wani gwaji a Stanford da tsadaddun farantai ya kai kashi 30. Mai yiwuwa ne farantin tsatsa bai taɓa cim musu ba. Haka ne. Shi ya sa duk wanda ya zo Gure gobe ya ce zai kafa masana'antar haidurojin da tsatsa, to a bincike shi da kyau. Asibiti da rijiyar burtsatse da makaranta sola suke buƙata yau, kuma can ya kamata mafi yawan kuɗi su tafi.

Amma matashin da ya koyi shafa siririn sinadari a kan gilashi, da auna yadda lantarki ke tafiya tsakanin faranti da ruwa, ya koyi ilimin da ake aiki da shi a batura, da tace ruwan sha, da kare bututun mai daga tsatsa, da tantance ingancin farantan solar da ke cika kasuwanni ba tare da an san na ƙwarai da na jabu ba. Ko da tsatsar ba ta yi nasara ba, ƙasar ba ta fita hannu rabbana ba.

Ta biyu: kuɗi. Wannan fanni na cikin masu sauƙin farawa. Ana iya tsirar da sandunan hematit a kan gilashi mai ɗaukar lantarki ta hanyar jiƙa shi a ruwan gishirin baƙin ƙarfe da zafinsa bai kai na tafasa ba, sannan a gasa shi a tanda mai digiri 550 zuwa 800. Kayan farko su ne tanda, na'urar auna lantarki, fitilar gwaji da injin tace ruwa. Manyan na'urorin hangen ƙananan abubuwa ana iya aika musu samfuri a jami'o'in da ke da su. A Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu, tawagar Farfesa Mmantsae Diale ta shafe shekaru tana aiki a kan hematit tare da abokan hulɗa a Suwizalan, tana yaye ɗalibai 'yan Afirka.

Ta uku: ruwa. Kowane kilo na haidurojin na cin aƙalla lita 9. Hekta ɗayan da aka yi lissafi a sama za ta sha kusan lita 1,600 a rana, jarka 65 masu lita 25, ban da na wanke farantai da wanda ke zubewa wajen tacewa. Ga filin gwaji wannan ba komai ba ne. Ga masu mafarkin fitar da tan miliyan ɗaya waje, ana maganar lita biliyan 9 a shekara, a jihar da babban birninta ya shahara da layin jarkoki. Namibiya da Muritaniya na da teku da za su tace da tashar jirgin ruwa a kusa. Gure na da nisan sama da kilomita 1,000 daga teku, kuma taƙaddamar da ta biyo bayan bututun man Agadem zuwa Sèmè a Benin a 2024 ta nuna abin da dogaro da tashar wani ke jawowa. Haidurojin ɗin Nijar, in ya samu, na cikin gida ne: taki da ajiyar wuta.

Abin yi

Nijar ta taɓa bin wannan hanya. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, inda aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi da murhun rana a Yamai, tun lokacin da ƙasashe masu arziki da yawa ba su ɗauki rana da muhimmanci ba. Ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. A wannan jami'a ce ɗalibai 60 daga ƙasashe 15 na yammacin Afirka suka fara karatun digiri na biyu kan makamashi da haidurojin a 2021, ƙarƙashin cibiyar WASCAL da tallafin gwamnatin Jamus. Akwai 'yan Nijar a cikinsu. Matashi mai irin wannan takarda, in bai samu ɗakin aiki a gida ba, jirgi zai hau.

Na farko, ma'aikatar ilimi mai zurfi da hukumar ANERSOL, magajiyar ONERSOL, su ware kuɗin kafa ƙaramin ɗakin bincike a tsangayar kimiyya ta Damagaram, da kasafin shekaru biyar a jere, domin bincike ba ya rayuwa da kuɗin bikin buɗewa kawai. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da ɗaukar alkawarin ware kashi ɗaya cikin 100 na arzikinsu ga bincike. Matatar SORAZ da ke jihar tun 2011 tana da dalilinta na sa hannu, tunda masana sinadarai take ɗauka aiki.

Na biyu, hukumomin Gure su ba da ɗan fili mai shinge kusa da makarantar sakandare, inda za a riƙa auna haske, zafi da ƙura kullum, a jera farantan gwaji, a kuma buga alƙaluman a intanet kowa ya gani. Bayanan shekaru uku daga irin wannan wuri abu ne da ɗakunan binciken Turai da Asiya za su nema, kuma mai bayanai da sharaɗinsa yake shiga haɗin gwiwa. A kiyaye tsaro tun farko, domin haidurojin na kamawa da wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 a cikin iska.

Na uku, 'yan ƙasa da ke ƙetare. Yawancin kuɗin da ake turowa gida na tafiya ne a abinci, gini da biki, kuma ba laifi ba ne. Amma ƙungiyar 'yan asalin jiha ɗaya na iya ɗaukar nauyin ɗalibi guda na shekara biyu, ko ta sayi na'urar awo guda. Malamin da ke koyarwa a Faransa, Kanada ko Kano na iya duba aikin ɗalibi ta waya, ya buɗe masa ƙofar na'urar da babu ita a gida. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sun fi Yamai kusa da Damagaram, kuma saɓanin gwamnatoci bai kamata ya hana malamai musayar samfuri ba.

Na huɗu, duk kamfanin da ya zo neman fili da ruwa domin haidurojin, a rubuta masa a yarjejeniya adadin 'yan ƙasa da zai horar har matakin digiri na uku, ɗakin binciken da zai ɗauki nauyi, da rijiyar da ba zai taɓa ba. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da irin wannan kamfani zai zauna a teburi a Yamai, Nijar na buƙatar mutanenta da suka taɓa auna faranti da hannunsu a zafin Gure, waɗanda za su iya duba alƙaluman da aka kawo su ce wannan gaskiya ne, wancan kuwa ba zai yi aiki a nan ba.